Daga Kado Zuwa Kumo a Kan Keke

Masu sayar da kifi a kasuwar Kado har yau Direba suke kiransa, alhali an daɗe rabon Malam Bappayo da riƙe sitiyari. Dogo ne, siriri, gemunsa ya fara furfura, kuma ba mai yawan magana ba ne. Da hantsi za ka same shi yana ɗaure kular kifi a kariyar kekensa da igiyar roba. In ya gama sai ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya hau, ya nufi gidajen Jabi da Gwarimpa inda matan ma'aikata ke jiran saƙonsu.

Mutumin Kumo ne ta jihar Gombe. Ya zo Abuja tun gari yana rabi gini rabi daji, aka ɗauke shi direba a wata ma'aikatar tarayya. Ya tuƙa daraktoci iri-iri. Na ƙarshensu shi ne Dakta Tawfiq, mutumin kirki amma mai gaggawa, wanda in an hau hanya maganarsa ɗaya ce: "Bappayo, taka ta." Shi kuwa ya taka. Da haka ya zaga ƙasar nan, Sakkwato, Kalaba, Maiduguri, Legas. Amma in ka tambaye shi yadda garuruwan da ke tsakani suke, sai ya ce shi dai ya san inda ramuka suke da inda 'yan sanda ke tsayawa.

Da farar hula suka karɓi mulki, Abuja ta shiga bunƙasa ba kama hannun yaro. Benaye suna ta tashi, motoci sun cika tituna, kowa da wayar salula manne a kunne. A cikin wannan yalwar ne gwamnati ta daina saya wa manyan ma'aikata motoci da ɗaukar musu direbobi, aka ce kowa ya ji da kansa. Aka sallami direbobi da yawa, har da Bappayo. Dakta Tawfiq ya yi masa tayin zama direban gidansa, ya yi godiya, ya ce bayansa ya gaji da kujera. Ya je Mararaba ya sayo keken gwanjo mai giya, ya fara kai wa mutane kifi gida-gida. Matarsa Hadijatu tana yin zoɓo da kunun aya tana sayarwa, 'yarsu Sumayyah tana makaranta. Rayuwa ba ta yi faɗi ba, amma asirinsu a rufe yake.

Abin ya fara ne wata Lahadi. Ya gama kai saƙo da wuri, garin ya yi lumshi, jikinsa kuma bai nemi gida ba. Sai ya miƙe hanyar Nyanya, ya wuce Mararaba da hayaniyarta, ya wuce Masaka, bai ankara ba sai ga shi a Uke da la'asar. Ya sauka gindin wata ɗorawa don ya huta. Nan ya ji ƙarar ruwa, ya leƙa, ashe rafi ne ke bi ta ƙarƙashin kwalbatin da ya sha takawa da mota. Mata suna wanki, shanu suna shan ruwa daga ƙasa, ƙamshin gasasshiyar masara yana tasowa daga bakin titi. Ya zauna yana kallo har rana ta yi ja. Wani dattijon makiyayi ya zo wucewa, Bappayo ya gaishe shi da Fulatanci, harshen da ya kwana biyu bai yi da kowa ba sai mahaifiyarsa Dada. Dattijon ya ce ai ba a komawa Abuja a keke bayan magariba, ya ja shi rugarsu, aka ba shi kindirmo da tabarma.

Da ya dawo washegari, Hadijatu ta riga ta zaga asibiti da ofishin 'yan sanda. Ta yi kwanaki ba ta kula shi sai gaisuwa. Shi kuwa wani abu ya riga ya shige shi. Ya fara fita ƙarshen mako, yau Karshi, gobe Bwari, jibi Kwali. Ya kai wa wani mai ɗinkin tampol na manyan motoci ya ɗinka masa ɗan ƙaramin tanti. Ya tanadi gidan sauro, da risho, da butar shayi, da famfo, da kayan faci. Ranar da ya shimfiɗa su duka a tsakar gida yana gwada yadda za su hau kariya, Hadijatu ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Baban Sumayyah, wannan shirin ba na Karshi ba ne."

"Kumo nake so in je, in gaida Dada."

"A keke?"

"A keke."

"In kuɗin mota ne babu, ka faɗa mini. Wallahi ko firjina sai in sayar."

"Ba shi ba ne. Hanyar nake so in gani."

"Hanyar da ka bi har ka gaji da ita?"

"Na bi ta dai. Ban gan ta ba."

Ta dube shi ta dubi kayan, ta ce mutane za su ce ya taɓu, kuma in sun faɗa ba za ta musa musu ba. Ta shige ciki. Amma ana gobe zai tafi ta wuni tana daka dambun nama, ta cika masa leda da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ta ajiye a kan sirdin keken.

Ya tashi bayan ƙaramar Sallah, damina tana ban kwana, ciyawa ta kai ƙirji. Kwanakin farko sun yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Yakan kama hanya da an sallame asuba, iska mai sanyi tana dukan fuskarsa, gonakin doya da dawa suna wucewa a hankali yadda ido zai ƙoshi. A Keffi ya ci ƙosai da koko. Bayan Garaku wata tsohuwa mai sayar da lemo ta ji inda za shi, ta tafa hannu, ta ƙara masa wasu a leda ta ce ba na sayarwa ba ne. A wani shingen 'yan sanda, kofur ya tare shi da wasa.

"Oga, ina zuwa da wannan kaya haka?"

"Gombe, Yallaɓai."

Kofur ya ƙwala wa abokan aikinsa kira su zo su ga abin mamaki. Suka kewaye keken, wannan ya matsa taya, wancan ya buga ƙararrawa, aka yi ta dariya, aka ba shi ruwan leda mai sanyi aka sallame shi da addu'a.

Wahalar ma ba ta ɓoye kanta ba. Tankoki da tireloli ba su san da zaman mai keke ba. In suka taho da hon sai ya gangara cikin ciyawa, iskarsu ta kusa kayar da shi, shi da ya san abin da direba ke gani da abin da ba ya gani ta gilashi. Sirdi ya saɓule masa fata har zama ya zama aiki. Tayar baya ta yi ta sacewa, ya yi faci a kan faci. Wata safiya kusa da Akwanga ya farka da cizo ko'ina a jiki, ashe kwarkwasa ce ta ratso ta cikin tantin, ya fito a guje yana karkaɗe riga. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne magariba. In ya kafa tanti ya yi sallah ya ɗora shayi, sai shirun wurin ya danne shi, ya tuna yanzu Hadijatu tana kwashe tuwo, Sumayyah tana ba ta labarin makaranta. A irin wannan lokacin yakan tambayi kansa ko matar nan ba ta da gaskiya.

Ya kafa wa kansa doka ɗaya: ba ya kwana a wuri sai ya nemi mai unguwa ya gabatar da kansa. Wani ya ba shi filin firamare, wani bayan masallaci, wani harabar coci. Ba wanda ya taɓa korarsa, sai dai tambayoyi, kuma kusan ko'ina sai an aiko masa da kwanon abinci.

A Hawan Kibo ne ya karya dokar. Tun daga ƙasa ya ji jikinsa ba daidai ba, gaɓoɓinsa suna ciwo, bakinsa yana ɗaci. Hawan da yake cinyewa da mota kafin oga ya gama shafi ɗaya na jarida, yau ya tsaya a gabansa kamar bango. Ya sa giya mafi sauƙi, ƙafa ta ƙi. Ya sauka ya tura. Yana cikin turawa hadari ya haɗo, ruwan ƙarshen damina ya sauko da iska, ya jiƙa shi jagab har cikin jakar kaya. Ga sanyin Filato wanda bai yi masa shiri ba. Kafin rana ta faɗi haƙoransa suna haɗuwa, idanunsa suna ganin titi biyu-biyu. Ya hango rufin kwano can nesa, amma ya san ba zai kai ba. Sai ya ja keken bayan wasu manyan duwatsu, ya kafa tantin a karkace, ya shige da jiƙaƙƙun kayansa.

Muryoyi ne suka tashe shi, gari ya riga ya waye. Ya ɗaga bakin tantin, ya ga ƙafafu sun kewaye shi. Maza ne, wasu da sanduna, ɗaya da bindigar toka. A shekarun nan yankin ya sha rikici, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, baƙon da ya ɓuya a bayan dutse kuwa ba abin da za a ɗauka da wasa ba ne. Bappayo ya san haka. Ya san kuma abin da suke gani: Bafulatani, shi kaɗai, a gefen gonakinsu, ba wanda ya san da zuwansa. Ya fito da rarrafe ya zauna a ƙasa, ya buɗe tafukan hannunsa.

Wani mai jar hula ya daka masa tsawa. "Wa ya aiko ka? Ina sauran?"

"Ni kaɗai ne. Daga Abuja nake, Gombe za ni."

"Da keke? Ƙarya ne!"

Suka zazzage jakarsa a kan ciyawa. Risho, buta, famfo, sallaya, ragowar dambu, 'yar wuƙar yanka albasa. Mai jar hula ya ɗaga wuƙar yana nuna wa jama'a. Sai wani dattijo gajere mai tsohuwar rigar sanyi ya matso ya tsuguna a gabansa. Sunansa Simon, manomin dankali ne, gonarsa ce a bayan duwatsun. Ya dubi yadda Bappayo ke rawar sanyi, ya sa bayan hannu a goshinsa, ya janye da sauri.

"Ku ajiye sandan nan," in ji shi. "Mutumin nan wuta ne a jikinsa. Ko tsayuwa ba zai iya ba."

"Baba, in kuma leƙen asiri ya zo fa?"

"To sai ya yi a ɗakina, ina kallonsa."

Ba duka suka gamsu ba. Mai jar hula ya bi su har ƙofar gida yana gunaguni, ya ce shi dai ya faɗa. Amma biyu daga cikinsu suka kama Bappayo ta kafaɗa, wani ya turo keken.

Matar Simon, Christiana, tana aiki a ɗan ƙaramin asibitin ƙauyen. Ta dube shi sau ɗaya ta ce zazzaɓin sauro ne da sanyi ya tayar. Ta ba shi magani, ta lulluɓe shi da barguna, ta shanya kayansa a kan shingen ƙyarana. Da ta kawo masa kunun acca ta ga ya ɗan yi jim, sai ta yi dariya.

"Sha, Malam. Acca ne da ruwa da sukari. Na san abin da kuke ci da abin da ba ku ci, na yi makaranta a Bauchi."

Kunya ta kama shi, ya karɓa ya shanye. Simon ya nuna masa gabas, ya ajiye masa ruwa a butarsa. Kwanakin da ya yi a gidan, in jikin ya yi sauƙi, sukan zauna a rana su biyu. Simon ya yi ta juya fedar keken da hannu yana kallon yadda sarƙa ke tsallakawa daga wannan haƙori zuwa wancan, yana cewa shi tun da aka haife shi bai wuce Kafanchan ba.

Babu sabis a gidan sai an hau wani dutse a bayan coci. Da ya samu ƙarfin hawa, Christiana ta raka shi, ya kira Hadijatu. Ya so ya rage labarin, amma muryarsa ta tona shi. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ba ni matar gidan." Ya miƙa wayar. Ya tsaya gefe yana jin Christiana tana cewa, "E, Mama. Haka na gaya masa. A'a, ba zai hau ba. Ki bar shi da ni." Da ta kashe wayar ta ce sun gama magana: mota zai shiga.

Ya roƙa, ya yi bayani, ya ce in ya shiga mota tafiyar ta lalace. Daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Akwai motar dankali da za ta Jos, za ta ɗauke shi da kekensa ta wuce da shi sauran hawan. Daga can, in ya ga zai iya, shi da Allahnsa. Ya zauna a kan buhuna, keken a kwance gefensa, yana kallon hanyar da ya ci burin takawa tana wucewa da gudu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Har yau in yana ba da labarin ba ya tsallake wannan wurin, yakan ce, "Ban taka ta duka ba. Daga ƙauyen su Simon zuwa Jos, ɗaukata aka yi."

Daga Jos kuwa sai ƙasa ta biya shi. Hanyar Bauchi gangara ce mai tsawo, ya saki feda, keken ya yi ta tafiya da kansa tsakanin duwatsu, sanyi yana raguwa, rana tana shiga ƙashinsa. Ya ce a nan ne ya tsinci kansa yana rera waƙar kiwo da ya manta ya iya, da ƙarfi, ba kowa sai shi da tsuntsaye. Ya kwana a Toro, ya kwana a bayan Bauchi, ya yi wanka a kogin Dindima, ya ratsa Alkaleri ana girbin gero. Cin abincinsa ya dawo har yana ba shi tsoro.

Ya shiga Kumo da azahar, ya yi baƙi, ya rame, leɓɓansa sun tsage. Dada, mahaifiyarsa, tana zaune a inuwar zaure tana tsince wake. Ta tsufa, idonta ya rage gani. Ta saba in ɗanta zai zo sai an ji ƙarar motar gwamnati, maƙwabta su fito. Da ya yi sallama ya durƙusa, ta shafa fuskarsa, ta leƙa bayansa.

"Ina motar?"

"Babu mota, Dada. Da wannan na zo."

Ta miƙa hannu ta taɓa tayar, ta taɓa tampol ɗin da ke ɗaure. Sai ta rage murya ta ce ya yi maza ya shigar da keken ɗaki kafin mutane su gani. Bayan ya ci abinci ta kira shi gefe, ta ce tana da karsana a wurin ƙaninsa, a sayar a ba shi ya ja jari, ba sai kowa ya ji ba. Ya ce mata ba talauci ba ne, lafiya lau suke, shi ne dai ya so. Ba ta yarda ba. Don ya kawar da zancen sai ya fara ba ta labarin hanya, ya ambaci Dindima.

"Akwai ruwa a kogin?" ta tambaya.

"Ya cika, Dada."

"Ta wajen da duwatsu suke ka sauka, ko ta wajen yashi?"

Ya dube ta da mamaki. Ashe tana yarinya ta ratsa kogin nan a kan takarkari, lokacin da mahaifinta ke kai shanu kudu da rani. Bai taɓa sani ba, bai taɓa tambaya ba. Ta shiga jero masa wurare, shi kuma yana gaya mata wanda ya gani da wanda gari ya cinye. Ta tambayi ciyawar Filato, ta tambayi irin shanun da ya gani a can, da ko har yanzu mutanen dutse suna noma acca. Waken da take tsincewa ya zauna a faifai har la'asar. Tun da ya girma bai taɓa yin hira mai tsawo haka da ita ba. Da za ta tashi alwala ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ashe ƙaura ka yi. Sai dai kai ba ka da shanu." Keken dai bai fito daga ɗaki ba sai ranar da zai koma, kuma a saman motar haya ya koma, bisa umarnin Hadijatu.

Bayan wannan ya yi wasu tafiye-tafiyen. Ya je Lakwaja ya ga inda koguna biyu suka haɗu, ya je Bidda, ya je Kafanchan. An sace masa famfo a wani gari, an yi masa rakiya da babura a wani. Sau ɗaya ya koma ƙauyen su Simon da busasshen kifi daga Kado, ya tarar mai jar hular nan ya zama shugaban matasa, har shi ya riƙe masa keke. Da hanyoyi suka lalace da 'yan fashi da masu satar mutane, ya daina kwana a daji. Gwiwarsa ta hagu ma ta fara ƙara in ya hau tudu, likita ya ce ya rage.

Yanzu iyakarsa Karshi ranar kasuwa, ya sayo doya ya dawo kafin magariba. Amma kwanan baya an gan shi yana tambayar direbobin da ke kawo kifi yadda hanyar Lafiya take, ko an gyara ta, ko akwai ƙauyuka kusa-kusa. Labari ya kai kunnen Hadijatu. Ta ɗauke tantin ta kai gidan ƙanwarta a Kubwa, ta ce mata ɓeraye ne ke cinsa a gida. Bappayo ya san inda yake. Bai tambaya ba tukuna.